Neman Ƙugiya Daga Samaru Zuwa Kasuwar Kurmi

Baƙaƙe uku ne suka tashe mu daga Samaru har cikin Kasuwar Kurmi: ɓ da ɗ da ƙ. Ɗiyar yayana tana karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a ɓangaren tsara ɗab'i, kuma ta shiga shekarar ƙarshe, lokacin da ake son kowane ɗalibi ya fito da aikin hannunsa kafin a sallame shi. Cikin abokan karatunta wani ya ɗauki tambarin kamfani, wata ta ɗauki kwalin sabulu. Ita kuwa ta ce zubin haruffa za ta ƙirƙira domin littattafan yara na Hausa, manyan baƙaƙe da ƙanana, da lambobi da alamomin rubutu, sannan ta gwada shi a kan ɗan littafin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wanda za ta yi wa hotuna da hannunta. Da aiki ya cije, ta ce sai ta je Kano ta ga masu rubutun hannu. Mahaifinta ya ce ba ta shiga lungunan birni ita kaɗai, ya ɗora mini rakiya.

Ban yi gardama ba, domin lamarin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hausa nake koyarwa a sakandare. Duk lokacin jarrabawa, in an kawo takardar tambayoyi daga wurin mai buga ta, sai na zauna da biro ina bin layi-layi ina lanƙwasa wa k da d da b kai kafin a kai a yi hoto a raba wa yara. Harshen da ake ji daga Agadas har Kumasi, amma malaminsa na gyara masa baƙaƙe da biro.

Na isa Samaru da hantsi, cikin hunturu, hazo ya lulluɓe itatuwan harabar jami'a. Ɗakin aikinsu dogo ne mai manyan tebura, yana warin fenti da kananzir ɗin wanke buroshi, kowane ɗalibi kuma ya kama nasa ɓangaren bango. A nata ɓangaren na yi tsammanin ganin baƙaƙe a jere daga farko zuwa ƙarshe. Abin da na tarar n ne da o, kowanne ya kai tafin hannu, sun cinye rabin bangon, wasu da fensir, wasu an cike su da baƙar tawada.

"Baffa, daga waɗannan biyun ake farawa," in ji ta. "Shi n zai faɗa maka kaurin sanda da yadda kafaɗa ke fita daga jikinta. Shi o zai faɗa maka yadda zagaye zai kasance. In sun zauna daidai, h da m da u sun samu, b da d ma sun samu rabi."

Ta ɗauko rula ta nuna mini wani abu da na shekara da shekaru ina karatu ban taɓa lura da shi ba. Harafin o ya ɗan zarce layin da n ke tsaye a kai, sama da ƙasa. Ta ce in aka yi su tsawo ɗaya cif, ido zai ga o ya fi ƙanƙanta, don haka da gangan ake ƙara masa. Haka nan layin da ke kwance a cikin e ko t, ana yin sa siriri fiye da sandar da ke tsaye, in ba haka ba sai ya yi wa ido kauri. Aikinta kan fara da fensir, ta ɗora takarda shara-shara ta sake bi tana gyarawa, ta cike da tawada, ta manna a bango ta koma ƙarshen ɗaki ta hango shi. Wanda ya tsira daga hangen nesa shi ake kai wa sikana, ya shiga kwamfuta. Da FontForge take aiki domin kyauta ce; Glyphs da ƙwararru da yawa ke amfani da ita sai an biya, kuma sai a kwamfutar Apple. In wuta ta ɗauke batir ya ƙare, ta koma kan takarda, kuma ta ce sau da yawa a lokacin ne hannunta ya fi sakewa.

Wannan makaranta tana da tarihin irin wannan taurin kai. A 1958, tun tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya, kafin a kafa jami'ar a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun da Turawa ke koyarwa, amma a koma gida a ɗebo abin zanawa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ƙasar Zazzau aka yi wannan yunƙuri, amma baƙaƙen harshen da ake ji a bakin ƙofar makarantar har yau ba su sami masu zana su yadda ya kamata daga cikin masu harshen ba.

Matsalarta tana kan wata takarda da ta ajiye a ƙarƙashin sauran. Ta gama baƙaƙen nan kaf bisa tsarin da littattafan koyarwa suka shimfiɗa, waɗanda duk da Ingilishi aka rubuta su domin Ingilishi, sannan daga ƙarshe ta ɗauki b da d da k ta liƙa musu ƙugiya. Malamin da ke duba aikin ya kalla ya ce ƙugiyoyin sun fito kamar maho a sabuwar riga. Gaskiya ya faɗa. Ta buga mini kalmomin da take gwaji da su: ƙaƙƙarfa, ruɓaɓɓe, haɗaɗɗe, ƙanƙara, ɗanɗano. A ɓ da ƙ ƙugiyar tana rusunawa a kan jikin harafin, don haka da sauƙi. Amma ta ɗ waje take leƙawa ta hannun dama, ta shiga filin maƙwabci. A haɗaɗɗe, ɗ na biyu ya miƙa kai har yana neman taɓa sandar na uku. In ta buɗa tsakaninsu, kalma ta rabe biyu. In ta rage ƙugiyar, a ƙaramin rubutu sai ta ɓace, ɗ ya koma d.

Na zo mata da wasu tsofaffin littattafai daga akwatina, bugun Zariya. Washegari muka ɗauke su muka nufi Tukur-Tukur, don ta ce tana son ganin inda aka haife su. Nan ne gidan Gaskiya. Hukumar Talifi, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ta shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC kuma a 1966. A shekarun 1930 ɗin nan ne baƙaƙe masu ƙugiya suka shigo ɗab'in Hausa. Kafin nan masu rubutun boko kan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko ɗan waƙafi a gefensa, wasu kuma su bar shi haka nan. Muka zauna a inuwa ta fito da gilashin ƙara girma tana bin shafi. Ta nuna mini inda tawada ta cike cikin ƙugiyar ƙ ta mai da ita dunƙule, domin ramin ya yi ƙunci, takardar kuma mai shan tawada ce. Ta rubuta a littafinta cewa ƙugiya sai ta kasance a buɗe, tun da littafin yaran namu ba a kan takarda mai tsada za a buga shi ba.

Cikin birnin Zazzau ba mu daɗe ba. Mun ga masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, mun bi ta gaban gidajen da ke da zanen dagi a fuskar zaure, ta zana kaɗan ta ce ƙila su yi amfani a gefen shafi. Daga baya ba ta yi amfani da su ba.

Abin da bai shiga lissafinmu ba shi ne abin da muka tarar kusa da Kwangila, inda muka je neman motar Kano. A wani gareji an jingine wata babbar mota mai bodin katako, wani dattijo na tsaye a kan benci yana rubuta mata baya. Gwangwanayen fenti ne a ƙasa, ja da rawaya da shuɗi, buroshinsa mai faɗin baki, ya ɗaure shi da zare inda ya tsage. Bai ja layi da rula ba. Igiya ya shafa wa alli ya ɗame ta ya saki, ta bar masa layi biyu. Yana rubuta karin maganar nan ta haƙuri da manyan baƙaƙe, kowanne da inuwarsa ja a gefen dama, amma HAKURI ya rubuta.

Ta gaishe shi ta durƙusa. "Baba, sannu da aiki. Me ya sa ba a sa wa K ɗin ƙugiya ba?"

Ya ce, "'Yata, wanda ya koya mini bai sa ba, masu mota kuma ba su taɓa tambaya ba. Yaya take?"

Ta zana masa babban Ƙ a littafinta. Ya duba, ya tsoma buroshi, ya gwada a jikin wani guntun katako. Ya ja sandar tsaye, sannan ya fara hannun sama daga tsakiya ya haura, da ya kusa kai ƙarshe sai ya murza buroshin tsakanin yatsunsa bai ɗaga shi ba, fentin ya lanƙwaso da kansa ya sirance. Da ja ɗaya ya yi ta. Yarinyar nan ta yi shiru tana kallo, sannan ta roƙe shi ya sake, ta ɗauka a waya. A mota ta ce mini, "Baffa, ni ina gama harafi ne in kawo ƙugiya in ɗora. Shi kuwa a cikin tafiyar hannun ta fito." Tun daga Tashar Yari har Kwanar Ɗangora tana maimaita wannan murzawa da fensir a kan cinyarta, mota na girgiza ta. Ni na ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan da koren gonakin rani na Kadawa. Ita ban ce ta ɗaga kai ba sai da muka wuce Kura.

A Kano mun sauka gidan wani ɗan'uwanmu a cikin birni. Mun leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a 1909 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Amma zuciyar tafiyar tana Kurmi, kasuwar da ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ka bi ta rumfunan dukawa da masu kayan yaji, lungu ya yi ta ƙuntata har kafaɗa na gogar kafaɗa, sai ka faɗo wurin masu littattafai. Ga alluna a jingine, ga gafaka a rataye, ga alƙaluma ɗauri-ɗauri. Ga kuma Alƙur'ani bugun warash, warwara ba ɗinki, wanda asalinsa rubutun hannu ne aka ɗauki hotonsa aka buga. Sunan da kowa ke ambata a nan shi ne Sharif Bala na Gabari, wanda rubutunsa ya shiga tsangayu da zauruka ko'ina a ƙasar Hausa. Rubutun Kano kauri gare shi, baƙi ƙirin, a zaune daram, ana karanta shi ko da hasken aci-bal-bal. Fa'un ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama, bisa al'adar Magariba, ga kuma ɗigon imala mai kauri a ƙarƙashin baƙi, wanda masu ajami suka ara suna rubuta wasalin e da shi.

Wani mai sayar da littattafai ya haɗa mu da yaro ya kai mu zauren wani alaramma da ke rubutu har yanzu. Mun same shi a kan buzu, ya tanƙwashe ƙafa, takarda a kan gwiwa bisa wani faifan kwali. Bayan gaisuwa na yi bayanin abin da ya kawo mu. Ya yi murmushi ya ce ai boko da allo duk baƙi ne a kan fari, ta matso ta gani.

Ya zaro karan gamba busasshe, ya ɗauki aska. Yanka na farko ya zaftare gefe guda a karkace, na biyu da na uku suka rage bakin daga dama da hagu, ya tsaga tsakiya kaɗan don tawada ta sami hanya, sannan ya ɗora bakin a kan farcen babban yatsansa ya datse. Wannan datsewar ta ƙarshe ita ce komai. Faɗinta shi ne kaurin rubutu, karkatarta ita ke sa wani gefen baƙi ya yi kauri wani ya sirance. Ya ce tawadar allo, zuge, da ƙaro ake haɗa ta kuma tana wankuwa, ta takarda kuwa dabam ce, ana dafa ta da bagaruwa don ta kama. Baƙi yake fara rubutawa zalla, shafi bayan shafi. In ya bushe ya dawo da ja ya sa wasali, sannan rawaya domin hamza, kore a inda ya dace. A ƙasan shafi yana rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don in ganyayyaki sun hautsine a gane jerinsu. Zayyana ba ta shigowa sai inda take da aiki: ƙarshen izu, ko nusufi, ko rubu'i, ko sumuni, ko wurin sujada. Ya ɗauko wani tsohon ganye da ya gada, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa, muka ga jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Irin takardar nan daga Italiya ake yin ta, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su ratso Sahara da ita.

Sai ta yi ƙarfin hali. "Allah gafarta Malam, ko za a duba mini nawa?"

Ta miƙa masa takardar kalmomin gwaji. Ya ce shi karatun bokonsa bai taka kara ya karya ba. Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya ɗan runtse ido, sannan ya sa gindin alƙalami a tsakiyar haɗaɗɗe. "Nan suna faɗa." Ya matsa zuwa ƙanƙara. "Nan kuma sun yi gaba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya." Wuraren nan biyu su ne daidai inda ta kwana tana fama. Bai karanta kalmomin ba, tazarar da ke tsakanin baƙaƙen ya karanta. Ya ƙara da cewa sandunanta sun yi tsawo kuma sun yi siriri, yaro mai koyo baƙi mai jiki yake so, wanda zai sa yatsa a kai ya bi.

Daren nan ta yi abin da nake jin kowane ɗalibin zane zai yi in ya fito daga irin wannan zaure. Ta sayi alƙaluman gamba a Kurmi, ta zauna tana rubuta baƙaƙen boko da siffar Larabci, irin wanda ake gani a fastocin azumi da allunan shagunan turare: wutsiyoyi na jan ciki a ƙarƙashin layi, ɗige-ɗige masu kusurwa huɗu. Abin ya yi kyau a ido, har matar gidan ta ce a rubuta mata sunanta da shi. Da safe ta kira ɗan masu gidan, yaro ɗan aji biyu na firamare, ta ba shi jimla ɗaya ya karanta. Ya yi ta juya takardar, ya fara daga dama, ya dawo hagu, ya kira r da sunan wani baƙin dabam, daga ƙarshe ya ce shi ba a koya musu wannan ba. Ta ba shi jimlar da tsohon zubinta mai maho, ya karanta tsaf.

Ta naɗe takardun daren ta sa a ƙasan jaka, kuma a ganina nan ne ta zama mai zane. Dalili a fili yake. A rubutun Larabci nauyi kan kwanta ne a layin da ke kwance, a boko kuwa sandar tsaye ke ɗauke da shi. In ka juya wannan, idon da ya saba sai ya yi tuntuɓe. Kwaikwayon kamannin rubutun malamai abu ne mai sauƙi, kuma yana burge baƙo. Abin da ya fi wuya shi ne ɗaukar hankalin da ke cikinsa. Abin da ta ɗauka daga zauren nan ba ya ganuwa da kallo ɗaya: ta ƙara wa baƙaƙenta jiki, ta faɗaɗa cikinsu, ta ƙara girman ɗigon i da j. Ta rubuta ɓ da ɗ da ƙ da alƙalamin gamba sau ba adadi har ƙugiyar ta fara fitowa daga tafiyar hannu, sannan ta koma ta sake b da d da k da h daga gare su. Wato ta juya tsarin aikin gaba ɗaya: masu ƙugiya suka zama iyaye, sauran suka bi. Ƙugiyar ɗ ta yi ta gajera amma a buɗe, ta ɗan sauke inda take farawa, ta yadda ɗ biyu za su tsaya kusa ba su taɓa juna ba.

Hotunan littafin kuwa, a kasuwa aka same su. Tambayar da ta hana ta barci tun a Samaru ita ce, shin Gizo gizo-gizo ne ko mutum? Mai ba da tatsuniya ba ta taɓa buƙatar amsawa ba. A bakinta Gizo yana noma, yana zuwa fada, yana auren Ƙoƙi, yana maganarsa ta tsamin baki, in ta ɓaci kuma ya haye rufin ɗaki. Kowane yaro da nasa Gizon a ka. Mai zane kuwa dole ta tsai da ɗaya, kuma duk wanda ta tsayar shi zai zauna a kan yaran da suka buɗe littafin. Zanenta na farko ƙwaro ne mai manyan idanu irin na katun ɗin talabijin, ba abin da ya haɗa shi da mu. A Kurmi ta zauna a bakin wata rumfa da littafin zanenta, tana kallon wani dillali yana ciniki: wuya a miƙe, kafaɗa a ɗage, hannu ɗaya na rantsuwa ɗayan na laluben aljihu, hula ta karkace. Cikin 'yan mintoci ta cika shafi da shi, ba fuska, tsayuwar kawai. Gizon da ya fito daga nan siririn mutum ne mai ɗan tumbi da 'yar shara, hannu biyu a fili, sauran gaɓoɓin suna leƙowa ta ƙarƙashin riga sai ka duba da kyau, kuma kowannensu na riƙe da abin da ba nasa ba. Ƙoƙi ta ba ta zane da kallabi, da dogon wuya da hannaye a naɗe a ƙirji irin na ƙwaron da ake kira da sunanta.

Ba da kwamfuta ta yi hotunan ba. Sassaƙa su ta yi a kan faifan roba irin na shimfiɗar ɗaki, dabarar da Onobrakpeya ma ya yi aiki da ita. Na ga ta yi ɗaya bayan mun koma. Ana zana hoton a juye, domin in an buga dama za ta koma hagu. Duk inda wuƙa ta ci fari zai fito, inda ta bari shi zai ɗauki tawada, kuma abin da ka yanke ba ya dawowa. Ta shafa tawada da abin naɗi, ta ɗora takarda, ta goge bayanta da cokali, ta ɗaga a hankali daga kusurwa. Layukan sun fito da kauri da ɗan karkarwar hannu, nauyinsu ɗaya da na baƙaƙen da za su zauna a gefensu. Launi biyu kawai ta yarda da su, baƙi da ja, kamar shafin alaramma. Wannan ma yana da dalilin aljihu, don bugu mai launi biyu ya fi mai launi huɗu araha, littafin da uba zai iya saya wa ɗansa kuwa shi ne littafi.

Kafin mu bar Kano mun shiga Sabon Gari, wajen masu sayar da littattafan hikaya na Hausa da masu shagunan ɗab'i. A wani shago wani matashi na tsara bangon littafi da CorelDRAW. Ta tambaye shi yadda yake yi da masu ƙugiya. Ya buga ƙ ya nuna mata: a wani zubin sai ɗan akwati ya fito a gurbinsa, a wani kuma kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa siranta. Ya ce shi ya sa yake cire su, marubuta kuma ba sa magana. Ta nuna masa wata damuwar: in ka buga 'ya'ya, manhaja kan juya alamar farko ta mai da ita buɗin zance, alhali a Hausa wannan alama aikin baƙi take yi.

Ba wai ba a taɓa yin komai ba. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da zubin haruffa guda domin harsunan Nijeriya, da hannun masaniyar harsuna Kay Williamson da shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga baƙaƙenmu gurbinsa, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, kuma ta sa shi cikin nata zubin, babba da ƙarami, don littafin ya iya shiga Maraɗi da Damagaram. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da zubin ajami mai suna Alkalami wanda aka gina a kan rubutun Kano, kyauta ga kowa. Aiki ne mai kyau, kuma ya kamata ya sa mu tambayi kanmu me ya hana irinsa fitowa daga Zariya ko Kano ko Sakkwato.

Ta miƙa aikinta a ƙarshen zango. Zubin bai kammala ba: babu mai kauri na kanun labari, babu mai karkata, kuma daidaita tazarar baƙaƙe biyu-biyu aiki ne da zai ci watanni. Amma ana iya buga littafin yara da shi yau, kuma na jarraba shafukansa a kan 'yan ajin farko na makarantarmu, ba wanda ya karanta ɗ a matsayin d. Niyyarta in ta gama ta sake shi kyauta, duk mai shagon ɗab'i ya sauke.

Saura namu. Marubuci, in ka kai littafinka maɗaba'a, ka duba shafin gwaji, kada ka biya sai ka ga ƙugiyoyinka sun fito kuma sun yi daidai da sauran baƙaƙen. Shugabannin makarantu su daina karɓar takardar jarrabawar Hausa da ba ta da su. Malaman zane kuma su tura ɗalibansu gareji da zauren alaramma tun a shekarar farko, tun masu wannan hannu suna raye.